Ruwa zalla ko antijel: wanne ya dace da injin Wankel a ƙaramin jirgi?

Makanikin Katako: Salamu alaikum jama'a. Na ga Amurkawa masu haɗa ƙaramin jirgin sama a gida suna ciro injin Mazda 13B na motar RX-7, wato injin Wankel mai abin juyawa mai kusurwa uku a maimakon fistan, su ɗora masa farfela, kuma akasarinsu antijel suke zubawa a radiyate. Ni dai na ce da a Yamai ne, ɓarnar kuɗi ce kawai. Antijel maganin ƙanƙara ne, mu kuwa a watan Afrilu zafi wuce digiri 40 yake yi. Ruwa zalla ya fi shi sanyaya inji. Mai ja ya fito.

Malamin Lise: Wa alaikumus salam maigida. Wajen ɗaukar zafi ban ja da kai ba. Kilo ɗaya na ruwa yana shan kusan kilojul 4.2 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya, gilikol ɗin da ake yin antijel da shi kuwa wajen 2.4 ne. Gilikol kuma ya fi kauri, famfo ya fi wahalar tura shi. Ko injin Merlin na jiragen yaƙin Ingila na Spitfire, da gilikol zalla ya fara, daga baya aka koma kashi 70 ruwa, kashi 30 gilikol. Amma ka lura, ba su zubar da shi duka ba.

Makanikin Katako: Ai su sanyin Ingila ne ya hana su, Malam.

Ɗan Tawa: Yaya, wane ruwan ma kake nufi? In na rijiya ne ko na famfo, ka kashe injin da hannunka. 13B ba dunƙule ɗaya ba ne, faifai ne aka jera aka ɗaure da dogayen kusoshi: gidan abin juyawar na alminiyam, faifan da ke gefensa na baƙin ƙarfe, tsakaninsu zoben roba mai hana ruwa shiga ɗakin wuta. Ƙarfe iri biyu cikin ruwa ɗaya mai zafi, tsatsa ce za ta ci gefen ramin da robar ke kwance. Ranar da ya ɓule, sai an wargaza injin kaf. Maganin tsatsar nan cikin antijel yake, shi ne abin da kake biya, ba maganin ƙanƙara ba.

Tsohon Direba: Yara, ni abin da na sani, a ƙasar zafi tarmosta ake cirewa, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyate in inji ya yi zafi. Sai dai wasu na cewa in an cire, ruwa yana gudu da yawa, ba ya samun zama a radiyate ya huce.

Malamin Lise: Baba, da girmanka, wannan zance ba shi da tushe. Ruwan da bai daɗe a radiyate ba, bai daɗe a inji ba shi ma, kuma sau da yawa yake zagayowa. Gudu ƙara fitar da zafi yake yi. Abin da ke faruwa a 13B daban ne: tarmosta ɗinsa idan ya buɗe, shi ke toshe wata gajerar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. Ka cire shi ba ka toshe ramin ba, wani kason ruwan ba zai ma je radiyate ba.

Tsohon Direba: To madalla, amma Toyotata ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ɗan Tawa: Baba, Toyota in ta yi zafi sai ka faka a gindin bishiya. Jirgi fa?

Malamin Lise: Ga kuma batun tafasa, wanda shi ya fi damuna. A Wankel wuta kullum gefe ɗaya take ci, wajen buji, ba hutu, kuma a sama injin yana aiki da ƙarfi sa'o'i a jere, ba irin tafiyar cikin gari ba. A nan ruwa ke fara yin tururi, tururi kuwa ba ya kwashe zafi. Ƙara da cewa a tsayin mita 3000 ruwa a buɗaɗɗen mazubi yana tafasa a kusan digiri 90. Murfin radiyate yana ƙara matsi ne a kan na iskar waje, saboda haka kana hawa, mizanin tafasar na sauka. Haɗin ruwa da antijel rabi da rabi yana ƙara maka wajen digiri 7 ko 8 kafin ya tafasa.

Makanikin Katako: Digiri 7 kacal? Murfi mai kyau mai riƙe matsi na kusan bar ɗaya (kwatankwacin matsin iskar waje) yana kai ruwa zalla kusa da digiri 120 a ƙasa kafin ya tafasa. Ka ga murfin ne ke aikin, ba antijel ba.

Malamin Lise: Murfin ya fi yawan aikin, haka ne. Shi ya sa ni ban ce rabi da rabi ba. A yanayinmu zan zuba ruwan da aka tace, irin na batir, da antijel kamar kashi 30, saboda tsatsa da ɗan ratar tafasa.

Ɗan Tawa: Kuma kowa ya manta da mai. Abin juyawar nan mai kusurwa uku ruwa ba ya taɓa shi, mai ne ke sanyaya shi daga ciki. In radiyaten mai ya yi ƙanƙanta, ko me ka zuba a na ruwa ba zai cece ka ba.

Makanikin Katako: Na yarda da ruwan batir, na yarda da mai. Kashi 30 ne ban yarda ba. Ana sayar da maganin tsatsa shi kaɗai, masu tseren mota shi suke zubawa a ruwa zalla.

Malamin Lise: Su ai saboda santsin gilikol in ya zuba a kan hanyar tsere aka hana su, maigida, kuma motarsu ba ta hawa mita 3000.