Mayafi siriri ko shara-shara? Dan Allah ku ba ni kalma

Maman Nana, Yamai:
Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Ina saida mayafai da lafaya, babbar kasuwa nake ɗauko su wani lokaci Wadata, in sa hoto a WhatsApp mata su zaɓa. To kun san zafin Afrilu a Yamai sai ya haura digiri 40, kowa abu marar nauyi yake nema, sai na sa wani mayafi na rubuta "siririn mayafi mai kyau, jikka huɗu". Wata Hajiya da ta saba saye wurina ta aiko wai ita ba ta son tsukakke, da me za ta rufe kafaɗa, alhali mayafin nan wlh faɗinshi ya fi metir guda. Ni abin da nake nufi shi ne abin da muke ce ma leje da Faransanci, wanda iska ke ratsawa. Nan Yamai na tashi, Hausata duk ta cakuɗe da Zabarmanci da Faransanci. Mi ake ce mishi?

Tela ɗan Tawa:
Amin alaikumus salam Hajiya. Gaskiyar mai sayenki ce. Siriri na abu mai tsawo ne wanda ba shi da gwaɓi: zare, allura, tsinke, sanda, hanyar da ta ratsa gona, wuyan mutum. In kin ce siririn mayafi sai a ɗauka faɗin ne babu, kamar ɗamara. Abu mai faɗi irin yadi ko takarda ko leda kauri ake dubawa, sai ki ce marar kauri, in kuma har kina hango tafin hannunki ta cikinshi to shara-shara ke nan. Amma ki yi hankali da kalmar wajen talla, mu a shago in mace ta ce yadin nan shara-shara ne ba yabo take ba, so take a sa mata shafi daga ciki ko a rage mata kuɗi. Kuma mayafi dan rufe jiki ake sayenshi, kina rubuta shara-shara rabin matan aure sun gudu.

Malam mai ritaya, Tawa:
Ɗiyata, tela ya hwaɗi gaskiya, bari in ƙara miki. Wahalar da ku 'yan lakwal kuka sha ita ce kuna biɗar kalma guda da za ta zauna wurin ta Nasara, mu ko Hausa sai ta tambaye ki tukuna, mine ne abin? Kin ɗaga buhu kina zaton gero na ciki sai kinka ji shi shafal, ashe kaɗa ce, wannan nauyi ne babu. Mutum ya kwana ukku da masassara ya tashi ya ce yau jikina sakayau, ko ya biya bashin da ya hana mishi kwana ya ce na ji ni sakayau, kin ga ita wagga har cikin rai take shiga, ba a kan sikeli kaɗai ba. Kunu kuwa ba a ce mishi siriri ba a ce mishi shafal, tsararo ne, ko a ce ya tsinke, kuma amaryar da kununta ka tsinkewa ta san abin da uwar miji za ta ce. Ruwan da anka ɗan dama hura ciki dan a tarbi baƙo shi ne farau-farau.

Ga mutum kuma nan ne ake ɓata zumunta. Siriri, siririya, sirara, halitta ce, yabo ma ne ga budurwa. Ramamme shi da yana da jiki ciwo ko yunwa sunka zabge shi. Ƙanjamamme ya hi wannan muni, daga nan ne sunan cutar ƙanjamau ya hito, kada ki kuskura ki ce ma ɗan wani haka ko da wasa. Dogo marar ƙwari da iska ka kaɗawa shi ne lange-lange, yaran lakwal ɗina da haka suke kirana a ɓoye suna zaton ban sani ba.

Ɗan Madawa:
Hhhh Baba Malam Allah shi ƙara lahiya. Amma tela ban yarda shara-shara kullum aibi ba ne, ya danganta da sana'a. Zo garinmu ka ga masu kilishi, gwanin shi ne wanda zai ɗauki tsokar cinya ya yi ta buɗe ta da wuƙa har ta koma falle guda shara-shara kana hango rana ta ciki kuma bai huda ta ba, sannan a shanya a tsoma a labu a sake shanyawa a gasa. In ya yi kauri ba ya bushewa da kyau, kwana kaɗan ya canza wari. Haka ɓawon albasar Galmi, ai ba ka ce mishi siriri. Ni dai shawarata Hajiya ki rubuta "ba nauyi ba zafi", kowa ya gane.

Inna Hajo:
Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne irin yadin da ba ya son wahala. Mu ba mu da kalma guda gare shi, sai dai mu ce sai an lallaɓa shi kamar ƙwai, ko ba ya jure wanki. Na taɓa sayen wata lafaya lallausa kamar audugar rimi, yarinya ta haɗa ta da kayan yara ta murje ta shanya bisa darni, ƙaya ta kama zare guda shi ke nan ta zare tun daga baki har tsakiya. Ki riƙa gaya ma masu saye gaskiya ɗiyata. Laushi daban, ƙwari daban, yadi na iya laushi kuma ya yi shekara biyar.

Maman Nana, Yamai:
Kai na gode ƙwarai, Baba Malam yau na koma lakwal. Na canza na rubuta "mayafi lallausa, shafal ba nauyi, mai faɗi, ba ya nuna jiki". Hajiyar ta ce in aje mata biyu, baƙi da ruwan ƙasa. Tela dan Allah shafin nan da ka ce, wane yadi ake sawa da ba zai ƙara zafi ba? Akwai wata doguwar riga da ta fi wata uku ta ƙi fita.