Musayar Waƙa: Peter Drury, mai sharhi ne ko maroƙi?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Ga ƙwar biyu a kan mai sharhin ƙwallon da ya fi shiga raina. Mai amsa ya amsa.

Ku matsa in waƙe mai sharhi,
Wanda muryarsa ba ta dusashewa.

Peter Drury na ƙasar Ingila,
1967 ce shekarar haihuwa.

Ɗan limamin coci ne tun asali,
A gidan wa'azi ya yi tasowa.

Ya je Hull ya karanci siyasa,
Ya taɓa akanta, bai yi jimawa.

Lissafin kuɗi bai karɓe shi ba,
Filin tamaula ke ta kirawa.

A 1990 rediyon BBC na Leeds
Ya miƙa makirfo, ya hau faɗawa.

Sai ITV ta ɗauke shi a 1998,
Daga saurare aka koma dubawa.

Malam Mai Alli:
Ɗana, tarihi ka kawo daidai,
Amma yabon nan bai gamsar da ni ba.
Mutum ya kwana yana saƙa zance,
Ni ban kira wannan fasaha ba.

Martin Tyler shi ne gwanina,
Daga 1992 zuwa 2023 bai saki Firimiya ba.
Ranar da Manchester City ta doke QPR,
Mayun 2012, ban manta ba.

Aguero ya zura ta uku a raga,
Shekara 44 ba su ɗau kofin ba.
Tyler ya ja sunan, ya ja numfashi,
Ya bar fili ya yi ihu, bai tare shi ba.

Mai Gidan Kallo:
Malam, a gafarce ni, ni da na tada janareto ranar ina da ta cewa.

Allah ya ja kwanan Malam,
Wannan hujja taka ta juya.
Tyler ranar na tashar Sky ne, na 'yan Ingila,
Su ne suka ji shi a can Birtaniya.
Layin da ake aiko wa ƙetare,
Drury ne a kai, na dukkan duniya.
Benci ya karye, fanka ta tsaya,
Wani ya rungumi wanda bai sani ba tun jiya.
Na Tyler a waya ya same mu daga baya,
Muryar da ta tashe mu ta Drury ce, gaskiya.

Gwaggon Yara:
Ni ba na zuwa gidan kallo, amma yaran gidan nan sun sa na san muryar. Suna buga wasan bidiyon ƙwallo na Pro Evolution Soccer, muryar Drury da ta abokin sharhinsa Jim Beglin na ta surutu a falo har isha'i. Ga nawa.

Ran 11 ga Yuni, 2010,
Kofin Duniya ya sauka Afirka.
Filin Soccer City ya cika ya batse,
Vuvuzela na neman tsaga kunnenka.

Tshabalala na Afirka ta Kudu ya saki ƙafar hagu,
Golan Meziko bai ga ta tarewa ba, ka ji ka.
Drury bai bar ta ga Bafana, ƙungiyar ƙasarsu, kaɗai ba,
Ya ce ƙwallon ta dukkan Afirka ce, har da taka.

Marquez na Meziko ya farke, aka tashi ɗaya da ɗaya,
Amma wa ke tuna shi, Malam, don Allahnka?

Malam Mai Alli:
Hajiya, na Afirka na sallama miki,
Wannan kam ban musa ba.
To na Rum fa, Afrilun 2018?
Abin da Drury ya faɗa bai yi min daɗi ba.

Ɗan adam ya sa kai ya ci ƙwallo,
A kira shi allan Girkawa? Ban yarda ba.
Subhanallahi, harshe na da linzami,
Ko Bature ne bai fi ƙarfinsa ba.

Baƙon Damagaram:
Malam, a kan kalmar ina bayanka, ba za ta fito daga bakina ba. Amma zargin kwana ana saƙa zance, a nan ne ya rushe. Tahamisi:

Barcelona ta ci huɗu da ɗaya a gida,
Kowa ya ce Roma ta gama, sai shaida,
Dzeko ya buɗe, De Rossi ya ƙara da fenariti guda,
Minti na 82 aka bugo kwana, aka yi arba da
Kan Manolas, ɗan baya, Bagirke.

Wa zai rubuta haka tun da dare?
Ɗan baya ya fidda Messi, a ce an tsare?
Garin kufai ne Rum, tun da can a jere,
Ya ce Roma ta tashi daga kufanta, a tare,
A take ya ɗinka, zancen ya sarƙe.

Maroƙin fada ma sai ya yi bita,
Ya san kakan sarki, ya san zuriya tata,
Ran hawa in doki ya yi rawa tasa ba a zata,
Kirarin da zai fito ba ya cikin takarda tata,
Shirin jiya ne ya sa bai sarƙe ba, ya farke.

Ɗan Fagge:
Yayana na Damagaram ya gama magana,
Saura in cike inda na tsaya da faɗawa.

A 2022 NBC ta Amurka ta kira shi,
Firimiya yake musu fassarawa.

A 2023 Tyler ya sauka daga Sky,
Malam, wa aka ba kujerar hawa?

Malam Mai Alli:
An ba Drury, ai ban ce ba a ba shi ba,
Kujera dai ba ta sauya min kunne ba.
Wasan da aka tashi babu ci ma
Sai ya yi masa ado, bai gaji ba.
Ni mai son a bar ni in ga wasa ne,
Ba wa'azin ɗan liman na zo ji ba.

Mai Gidan Kallo:
To Malam, Asabar ka zo da wuri,
Bencin gaba na ajiye, kusa da fanka.
In ya fara kirari zan rage maka murya,
Amma kuɗin shiga, wannan kam sai ka biya da kanka.