Wace kalma za mu sa wa "copycat" a shirin gobe?

Mai shiri, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe da daddare ina da shiri a rediyo nan Kumasi kuma na maƙale. Mohamed Bouazizi mai tallan kayan marmari a garin Sidi Bouzid na Tunisiya ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba 2010, shugaban ƙasar na lokacin, Ben Ali, ya gudu Saudiyya 14 ga Janairu 2011, sai ga wasu a Aljeriya da Masar da Muritaniya suna yin irin nasa. Shi ne Turawa ke ce wa copycat. Me zan ce? Samarin zango na saurare, ba na son kalmar da za ta zuga wani.

Hajiya, Asawase: Kwaikwayo mana ɗana.

Mai shiri: Hajiya kunne zai tafi wasan kwaikwayo, ga shi maganar rai ce.

Malam, Sabon Zango: Ƙunar baƙin wake tana nan tun kakanni.

Ɗan Nima: Allah gafarta Malam, yau kowa ya ji wannan bam zai tuna, mai tafiya da rayukan jama'a. Bouazizi bai taɓa kowa ba.

Malam: To ga tawa, koyin-halaka. Gajera ce, ba aro a ciki, ku riƙe ta.

Baƙo daga Kano: Koyi ai da na gari ake yi. Ku mutanen Gana ko "ya" da "ta" ba ku rabewa, ku bar mana ƙirƙira.

Hajiya: Kai yaro iya bakinka. Tun zamanin fataken goro kakanninmu ke Hausa a Salaga da Kumasi, da ita muke wa'azi da ciniki da raɗin suna, ba mu taɓa neman izinin kowa ba.

Malam: Ya yi rashin ladabi amma koyin-halaka dai ta fi.

Nas, Mamobi: Don Allah ku dawo kan magana. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin 'yan jarida kar su bayyana yadda aka yi, kar su mai da mutum gwarzo, don mai damuwa na iya ɗauka. Kuma ka faɗa musu tun 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga laifuka, wanda abu ya yi wa nauyi ya zo asibiti ba tsoro. Ni "bin sahu wajen halaka kai" nake gani.

Ɗan Nima: Ta yi tsawo amma ko kakata za ta gane.

Mai shiri: Ita zan ɗauka. Anti nas turo min lambar da za a kira in karanta a ƙarshe.

Malam: Jimla ce wannan ba kalma ba. Ku yi da ita gobe, ni ban janye tawa ba.