Me za mu kira “folk metal” da Hausa?

Assalamu alaikum. Na zauna zan rubuta ɗan bayani kan kundin waƙoƙi na farko da ƙungiyar Cruachan ta ƙasar Ailan ta fitar a shekarar 1995, mai suna Tuatha na Gael, sai na cije tun a jimlar farko, domin Turawa suna kiran irin kiɗan da ke cikinsa “folk metal”, ni kuwa ban sami sunan da zan ba shi da Hausa ba.

Sai an san kiɗan kafin a raɗa masa suna. Keith Fay ne ya kafa ƙungiyar a birnin Dublin a 1992, ya kuma ɗauko sunanta daga Cruachan, tsohuwar fadar sarakunan yankin Connacht. Wanda ya saurari kundin zai ji jita mai lantarki da ganguna masu gudu da murya mai kaushi kamar ana yage maƙogwaro, sannan a tsakiyar wannan rugugi sai siririyar sarewar Ailan ta kutso, tare da wata ganga mai fuska ɗaya da suke kira bodhrán, wadda ta yi kama da bandirinmu. Waƙoƙin kuma na mazan jiya ne, irin su gwarzo Cú Chulainn da sarki Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne “kiɗan ƙarfe na gargajiya”, wato fassarar kalmomin Turancin kai tsaye, amma ban daɗe ba na janye shi. Duk Bahaushen da ya ji “kiɗan ƙarfe” zai ɗauka kuge ake bugawa, ko kuwa kiɗan maƙera ake nufi, alhali nauyin amo da tsananinsa ne suka jawo wa wannan salo sunansa, ba wani ƙarfe da ake dukansa ba. Don haka ina ganin a bar kalmar “metal” yadda take, kamar yadda muka karɓi rege da disko ba tare da mun fassara su ba.

Wani malami da na tuntuɓa ya ce to a ce “metal na gargajiya”. Yana da daɗin faɗa, sai dai ma'anar ta karkace, domin mai karatu zai fahimci cewa metal ɗin ne tsohon yayi, wato irin na farko da ƙungiyoyi irin su Black Sabbath suka fara a birnin Birmingham na Ingila wajen 1970. A wurin Cruachan kuwa metal ɗin na zamaninsu ne, gargajiyar daga wani wuri aka ɗebo ta aka zuba a ciki. Na kuma duba “metal ruwa biyu”, wanda ya burge ni ƙwarai, amma bai faɗi ko wane ne ruwa na biyun ba.

Kalmar da ta kwanta mini a rai ita ce surki. Idan uwargida ta surka abu, akwai tushe, akwai kuma abin da aka ƙara masa har ɗanɗanonsa ya sauya, kuma haka kundin nan yake, tun da jita da ganguna ne tushe, sarewa da tatsuniyoyin Ailan su ne abin da aka surka. Saboda haka ina ba da shawarar mu ce “metal mai surkin gargajiya”. Sunan ya ɗan yi tsawo, na yarda, amma yana karɓar sunan kowace ƙasa, ta yadda za a ce na Cruachan mai surkin gargajiyar Ailan ne, na ƙungiyar Skyclad, wadda ta riga su fitar da kundi a 1991, mai surkin gargajiyar Ingila ne. Da wannan suna zan buɗe bayanin nawa, sai fa idan wani daga cikin malamanmu na harshe ya kawo wanda ya fi shi gajarta.