Muhawara: Manhajojin lissafi na intanet koyarwa suke yi, ko ɓoye rashin sanin yaro?

Malam Mai Alli: Assalamu alaikum. Ina da magana wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma zan faɗe ta. A ganina, yawancin kayan koyon lissafi da ke intanet ba koyar da yaro suke yi ba, ɓoye mana rashin saninsa suke yi. A da in na karɓi littattafan aikin gida, kuskuren yaro ne ke gaya mini inda zan fara darasin gobe. Wanda ya ce rabi a tara da sulusi ya ba da biyu bisa biyar, na san lambobin sama ya haɗa, ya kuma haɗa na ƙasa, na kuma san maganinsa. Yanzu littattafai suna dawowa tas, kowane layi daidai, har da matakan da ban taɓa koya musu ba. Ranar gwaji a aji, waya na cikin jaka, sai yaron nan ya sake rubuta biyu bisa biyar. Photomath da ire-irenta sun hana ni ganin kuskure, alhali da kuskuren nake aiki.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka tara abubuwan da ba jinsi ɗaya ba ka yanke musu hukunci guda. Photomath, wadda aka yi a Kuroshiya a 2014 kuma Google ya saye ta daga baya, aikinta ke nan: ka haska mata tambaya da kyamara, ta fito da amsa da matakai. Na yarda yaro malalaci zai kwafe. To amma Khan Academy fa? Salman Khan ya fara ne da koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya soma ɗora bidiyo a YouTube a 2006. Yau akwai darussa tun daga ƙirge har lissafin matakin jami'a, kyauta, kuma tambayoyi take yi wa yaro, ba amsa take miƙa masa ba. Sannan Malam, kwafar aikin gida ta girmi wayar hannu. Da littafin aboki ake kwafa kafin a buga ƙararrawa.

Malam Mai Alli: Littafin aboki yana ɗauke da kuskuren aboki, Injiniya. In yara goma suka kawo mini kuskure iri ɗaya, na gane biyu lokaci guda: an yi kwafa, kuma ga abin da ba a fahimta ba. Waya ba ta bar mini ko wannan ba.

Ɗalibar Aji Shida: Malam, da izininka in sa baki. Ni bidiyo ya taimake ni ƙwarai. A aji in malami ya wuce wani mataki ban gane ba, kunya nake ji in ɗaga hannu karo na biyu, don a lokacin kowa ya riga ya ce ya gane. Bidiyo kuwa ina tsayar da shi, in koma baya, in sake ji, ba wanda zai yi tsaki. Ta haka na fahimci dalilin da ya sa ake juya alamar "ya fi girma" idan aka ninka ɓangarorin biyu da lamba mai alamar ɗebewa.

Malam Mai Alli: Madalla, 'yata, kuma kunyar nan da kika ambata laifinmu ne mu malamai, ba naki ba. Amma bari in tambaye ki. Bayan kin kalla, kin rufe wayar kin warware sabuwar tambaya da kanki? Don a nan matsalar take. Wani mai suna Derek Muller, wanda ke da tashar Veritasium, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni kan koyon fiziks ta bidiyo. Ɗaliban da suka kalli bayani mai santsi, wanda komai ya fito fili, sun ce sun gane sarai, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, amma makinsu bai wani motsa ba. Waɗanda aka nuna musu bidiyon da ya fara da kuskuren fahimtar da mutane suka saba yi, sannan ya warware shi, sun ce ya ruɗa su, amma su ne suka fi ci gaba. Hausawa sun ce gani ba ci ba. Hannun mai bidiyo ne ke warwarewa, kai kana gyaɗa kai, sai zuciyarka ta ce maka ai ka iya.

Ɗalibar Aji Shida: Wani lokaci ina yi, wani lokaci kuma in ga kamar na riga na iya sai in wuce darasi na gaba. Amma a Khan Academy in ba ka ci tambayoyin ba, maki ba zai nuna ka ƙware ba.

Baba Sufeto: Ku bari tsoho ya ce wani abu. Na daɗe ina zagaya makarantu kafin in ajiye aiki, kuma kowane sabon kaya da alƙawarinsa yake zuwa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar da rahoto a 2015 kan ɗalibai da kwamfuta, ta ce ƙasashen da suka zuba dukiya mai yawa a na'urorin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. A Peru an raba wa yaran firamare na karkara ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi bai ƙaru ba. Wannan ba ra'ayin Malam Mai Alli ba ne, abin da aka auna ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe Baba, duka biyun gaskiya ne, amma dubi abin da suka auna: raba na'ura. Ba wanda ya ce ƙarfe da gilashi za su koyar da lissafi. Ga wani gwajin da aka yi a Delhi ta Indiya, aka wallafa a 2019. An zaɓi yaran ƙaramar sakandare ta hanyar ƙuri'a, wasu suka riƙa zuwa cibiyoyi bayan an tashi daga makaranta suna aiki da wata manhaja mai suna Mindspark. Cikin wata huɗu da rabi suka yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi. Bambancin shi ne manhajar tana gwada yaro ta gano ainihin matakinsa, ta ba shi tambayoyi daidai da shi, ba daidai da ajin da aka rubuta masa ba.

Malamar Firamare: Injiniya, ka taɓo abin da ya fi damuna, sai dai ka bar rabin labarin. A wancan gwajin an gano yawancin yaran suna bayan ajinsu da shekara biyu ko fiye, kuma a aji ɗaya akwai tazarar shekaru da yawa tsakanin na gaba da na baya. Wannan kowane malami ya san shi a jikinsa. Ina koyar da raba lamba mai tsawo, ga yaro a gabana da bai riƙe sau bakwai ba. Ba zan iya raba kaina gida arba'in ba, manhaja kuwa za ta iya. A nan na saba da Malam. Amma ka tuna a cibiyoyin nan akwai babba a ɗakin, akwai lokaci ƙayyadadde, akwai kuma darasin rukuni tare da mai koyarwa. Ba yaro ba ne kwance da waya shi kaɗai da daddare, saƙonni na shigowa.

Maman Tagwaye: Don Allah malamai, ni uwa ce, lissafina ya tsaya tun sakandare. Yarana suna kawo aikin gida, ban iya duba musu ba. In na hana su wayar, wa zai taimake su? In na bar musu, Malam ya ce ɓoye rashin sani suke yi. Ina zan sa kaina?

Malam Mai Alli: Hajiya, ba sai kin iya lissafin ba. Ki sa su fara gwadawa da biro, wayar na hannunki. In sun cije, su ja layi a ƙarƙashin inda suka tsaya, kada su goge komai, sannan su duba. Bayan sun duba, ki karɓi wayar, ki ce su bayyana miki da baki dalilin kowane mataki. Ko ba ki san amsar ba, za ki ji bambancin mai bayani da mai karanto abin da ya kwafa. Kuma ki bar su su kai wa malami kuskuren yadda yake.

Injiniya: To ai Malam ka dawo hanya, tunda ka yarda su duba.

Malam Mai Alli: Ban dawo ko'ina ba, ina nan inda nake. Na ce yawanci, kuma ina kan yawanci. Yaro nawa ne ke da uwa zaune tana riƙe da wayar? Yanzu ma abin ya wuce Photomath. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, har tambayoyin da aka rubuta da zance yana warwarewa. An yi gwaji a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan dubu. Waɗanda aka ba GPT-4, wani samfurin ChatGPT, haka nan sun yi fice lokacin atisaye, amma da aka karɓe shi aka yi jarrabawa, makinsu ya gaza na waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kashi 17 cikin ɗari. Abin da nake gani a littattafai ke nan.

Injiniya: Ka ƙarasa, Malam. A gwajin nan akwai rukuni na uku da aka saita musu shi ya riƙa ba da haske kaɗan-kaɗan ba tare da faɗin amsa ba, kuma illar ta kusan ɓacewa.

Malam Mai Alli: Ta kusan ɓacewa, amma su ma ba su fi waɗanda suka yi da littafi kawai ba a jarrabawar. Kuma wanne ne a wayar yaro? Wanda masu bincike suka saita, ko wanda ke ba da amsa nan take?

Malamar Firamare: Akwai wani nau'in da ba ku ba shi haƙƙinsa ba, wanda ba bidiyo ba ne, ba kuma mai ba da amsa ba. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya a 2001. Zana da'ira, ka ja layin da ya ratsa ta tsakiyarta, ka sa ɗigo a bakin da'irar, ka haɗa shi da ƙarshen layin biyu. Alwatika ta fito. Yanzu ba yaro ya ja ɗigon nan da yatsa ya zagaya da shi. Siffar tana canzawa, gefe ɗaya ya yi tsawo ɗayan ya gajarce, amma kusurwar da ke kan ɗigon tana nan a digiri 90, ba ta motsi. Na ga yaro ya yi ta ja yana neman inda za ta canza, da ya rasa sai ya ɗago ya ce, "Malama, me ya hana ta?" A allo zan zana alwatika uku in ce ku yarda da ni. A nan shi ne ya nemi dalili da kansa. Desmos ma haka take da zanen giraf, ka canza lamba ɗaya ka ga layin ya karkata. Shafin NRICH na Jami'ar Kambirij kuwa tambayoyi ne masu sa tunani, waɗanda haska musu kyamara ba zai fisshe ka ba.

Baba Sufeto: Wannan na yarda da shi, Malama, amma lura da wanda ya shirya zanen, ya kuma san tambayar da zai jefa. Al-Khwarizmi a Bagadaza, wajen shekara ta 820, ya warware x² + 10x = 39 da zane. Murabba'i mai gefe x, a manna masa siffofi biyu masu tsawon x da faɗin 5, sai kusurwa ta rage fanko mai 5 sau 5. A cike ta da 25, jimla ta zama 64, gefen babban murabba'in 8 ne, a ɗebe 5, x ya zama 3. Malamin da ya san wannan zai yi abin mamaki da GeoGebra, zai kuma yi da alli. Wanda bai sani ba, ko an ba shi manhajar, ƙa'idar zai rubuta ya ce a haddace. Ni da za a ji tawa, malamai za a fara zaunar wa da waɗannan kayan kafin yara.

Injiniya: A nan ba mu da saɓani, Baba. Kuma ko inda intanet ba ta da ƙarfi akwai Kolibri, wadda ake sauke darussa a kwamfuta ɗaya sauran na'urori su ɗauka daga gare ta. GeoGebra ma tana aiki ba tare da intanet ba in an sauke ta.

Malam Mai Alli: GeoGebra ba ta cikin ƙarata, don ba ta yi wa yaro aikinsa. Amma ku tambayi ɗalibanku wace manhaja ce a wayoyinsu, ku ji ko ita za su ambata. Ni dai na yanke shawara: daga zango mai zuwa ba zan ƙara ba da maki a aikin gida ba. Minti goma na farkon darasi, tambaya biyu daga aikin jiya da lambobi daban, littafi a rufe. Makin daga nan zai fito.

Maman Tagwaye: Malam, in babu maki a aikin gida, nawa ba za su taɓa shi ba. Na san halinsu.

Ɗalibar Aji Shida: Za su taɓa, Mama, in sun san gobe za a tambaye su a aji. Ni abin da nake tsoro shi ne wanda ya yi aikin da gaske amma hannunsa ba ya sauri. Minti goma ba za su ishe shi ba.

Malamar Firamare: Tambayar yarinyar nan tana da nauyi, Malam. Ga kuma tawa: darasin minti arba'in ne, ka cire goma, abin da aka tsara a koyar bai ragu ba, sannan kullum ka koma gida da takardun aji guda na dubawa. Aji nawa kake ɗauka? Ka faɗa mana yadda za ka duba su kafin washegari, don in ba a duba an mayar wa yaro da wuri ba, kuskuren da kake nema zai kwana a jakarka ne kawai.