A taimaka: ya ake maida bidiyon MP4 ya koma Word ko PDF?

Ɗan Gidadawa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai bidiyon karatun fiƙihu da baffanmu ya yi a zaure azumin bara, mun ɗauka da waya, kusan minti 50, yanzu ɗalibai na son a samu shi a rubuce su riƙa bita. Na canza sunan fayil ɗin daga .mp4 zuwa .pdf amma ya ƙi buɗewa sam. Don Allah mi zan yi, tsohon nan jikinshi ya yi rauni ina tsoron karatun ya ɓace.

Injiniya_Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Maza ka maida sunan .mp4 tukuna, bidiyonka na nan lafiya. MP4 hoto mai motsi da sauti ne a ciki, PDF da Word kuwa rubutu ne a shafi, canza suna ba ya canza abin da ke ciki. Abin da kake nema shi ne a saurari maganar a rubuta ta. Ka fara cire sautin kaɗai da VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti, ya koma MP3, ya fi sauƙin turawa kuma data kaɗan zai ci. Akwai Whisper da kamfanin OpenAI sunka fitar a 2022, yana maida magana rubutu kuma Hausa na cikin harsunansa, amma gaskiya Hausarsa ba ta kai Turancinsa ba ko kusa, balle karatun zaure da malam ke jan Larabci ya fassara da Sakkwatanci ga hayaniyar yara ga kukan fanka, sai ya haɗa maka kwaɗo.

Hajiyar Mabera:
Ɗana ka ji shawarar uwa. Karatun addini ba abin da za a bar wa inji ba ne, kalma ɗaya ta juye hukunci ya juye. Ku raba minti goma goma, ɗalibai biyar kowa ya saurara ya buga a Word, a kai wa malam a karanta mishi ya gyara tun yana da ƙarfi.

Injiniya_Kwamfuta:
Hajiya ta yi gaskiya. A VLC ana iya rage saurin magana yadda mai bugawa zai bi. In an gama gyara sai ku adana shi PDF daga cikin Word ɗin, ya fi zama daidai a kowace waya.

Ɗan Gidadawa:
Alhamdulillahi na maida sunan ya buɗe. Gobe bayan La'asar za mu raba aikin. Allah ya saka da alheri, Injiniya da Mama.