Tanis a Kwatano cikin watan Yuni: in biya kuɗin wata ko in riƙa biyan na awa?

Lawali Zariya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa buga tanis a Kwatano. Yayana ya kira ni in daidaita masa lissafin shagonsa da ke kusa da kasuwar Dantokpa, kuma zan yi kusan wata guda a can daga farkon Yuni, a masaukinsa na Zongo. Tun da likita ya gaya mini cewa hawan jinina ba ya son zama wuri ɗaya, ban bar mako ya wuce ban riƙe raket ba, kuma ba na so tafiyar nan ta katse mini. Ba ni da lokaci sai bayan asuba kafin a buɗe shago, ba ni da abokin bugu a can, sannan gwiwata ta hagu ba ta jure siminti, shi ya sa na fi son filin jar ƙasa. Wani ya ce in biya kuɗin wata a kulob tun ranar da na sauka, wani kuma ya ce in riƙa biyan na awa. Wanne ya fi dacewa da ni?

Sanusi Bagalam: Wa alaikumus salam, Malam Lawali. Ka tafi Stade de l'Amitié da ke unguwar Kuhunu, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Mathieu Kérékou, domin akwai filayen tanis a harabarsa. Kowane ɗan zem, wato ɗan kabu-kabunsu mai rigar ɗorawa, ya san wurin. Ka je bayan la'asar, lokacin ne ma'aikata ke tashi daga ofis, ba za ka rasa wanda za ku buga da shi ba. Ni jika 2, wato sefa dubu 2, na riƙa biya a awa ɗaya.

Ɗan Gulbi: Da ni ne, Lome zan nufa. Filayen can sun fi tsabta, mutanensu kuma sun fi sauƙin kai.

Lawali Zariya: Na gode, amma shagon Yaya a Kwatano yake, kuma bayan la'asar ina cikin littattafan lissafi.

Alhaji Mamman Mokoyo: Lawali, ƙanena, ka saurare ni da kyau kafin ka fitar da dala ɗaya daga aljihunka. Ni ma a irin wannan lokaci na je, shekarun da muke zaman jiran motoci a wajen Sekanji, kafin a rufe gadar Gaya da Malanbil, ta iyakar Nijar da Benin, a 2023. Wani yaro da ke yi mana kamasho ya ce ya san wani otal a bakin teku mai fili biyu, kuma idan na biya na wata gaba ɗaya za a rage mini. Ya kai ni da rana tsaka, na ga fili a share, raga sabuwa, layuka farare tas, har da yaron da ke tsintar ƙwallo yana zaune a inuwa. Na ƙirga jika 45 na ba mutumin da ke zaune a ƙofar filin, ya rubuta sunana a wani littafi mai baƙin bango, ya ce rasit sai an buɗe ofis. A daren aka tsuge da ruwa. Da safe na zo na tarar da filin ya zama tafki, ruwa ya kai idon sawu, kwaɗi suna kuka a gindin raga. Aka ce in dawo jibi. Jibi ruwa ya janye, amma ya bar wata koriyar gansakuka a kusurwar da rana ba ta kai wa, kuma a nan santsi ya ɗebe ni ina bin wata ƙwallo, na faɗi a kan kafaɗa. Da na je neman sauran kuɗina, sai mutanen ofis suka ce ba su san wani littafi mai baƙin bango ba, kuma wanda ya karɓi kuɗin ba ma'aikacinsu ba ne, mai horarwa ne da ke hayar filin da kansa. Shi kuwa aka ce ya tafi Paraku. Har yau kafaɗar nan takan tuna mini da shi duk lokacin da hunturu ya shigo.

Sanusi Bagalam: Subhanallahi, Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Amma jika 45 a wata ta yi yawa ƙwarai. Ni an gaya mini jika 15 ce.

Alhaji Mamman Mokoyo: An gaya maka ne, ni kuwa da hannuna na ƙirga.

Ɗan Gulbi: Taubashina Alhaji, kai da ka biya kuɗin tanis aka haɗa maka da wurin ninƙaya kyauta, me kake wa kuka? Da ka tafi da ƙugiya, da ka dawo mana da tarwaɗa.

Hajiya Rabi (Kwatano): Sannunku da hira. Ni 'yar unguwar Limanci ce ta Maraɗi, aure ya kawo ni nan, kuma ɗana yana koyon tanis, ni nake kai shi duk ranar Asabar. Malam Lawali, abin da ya sami Alhaji ba abin mamaki ba ne, domin Yuni shi ne watan da aka fi ruwa a nan, a tsakiyar babbar damina da ke farawa wajen Afrilu ta kai Yuli. Garin kuma a kwance yake tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ruwa ba ya samun wurin gudu da sauri. Filin jar ƙasa da kake so shi ne ya fi wahala a wannan lokaci, domin idan ya sha ruwa ba a barin kowa ya taka shi sai ya tsane an sake daddaɓe shi, alhali na siminti ana ture ruwansa da abin goge ƙasa, rana ta ɗan fito a shiga. Ka kuma sani cewa gari ba ya wayewa da wuri yadda kake zato, sai wajen ƙarfe shida da rabi ake ganin ƙwallo sosai, kuma idan ka ce a kunna maka fitila, kuɗinta daban ne. Inda nake kai yaron, baƙo yana biyan jika 5 a awa, mai horarwa kuma jika 3 idan zai tsaya ya buga da kai. Shawarata ita ce ka biya na awa a makon farko, ka karɓi lambar mai gadin filin, ka riƙa kiransa bayan sallah ka ji ko fili ya bushe kafin ka hau babur daga Zongo.

Sanusi Bagalam: Hajiya, ki yi haƙuri, jika 5 farashin baƙi ne, sun ga kin zo da mota. Kuma da girmamawa nake faɗa, mai kai yaro fili daban, mai riƙe raket daban.

Hajiya Rabi (Kwatano): Malam Sanusi, yaushe rabonka da Kwatano?

Sanusi Bagalam: An ɗan kwana biyu.

Alhaji Mamman Mokoyo: An kwana biyu ko an shekara goma? Tun ba a fara zancen rufe iyaka ba na daina jin ka ce za ka gangara kudu. Ni dai maganar Hajiya na ɗauka, ita ce ke kwana tana tashi a garin, ko da kuwa ba ta taɓa buga ƙwallo ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne batun mai horarwa, domin irinsu ne suka cinye mini kuɗi.

Malam Isufu Ali Ɗan Sofo: Kun tsaya kan kuɗi kun manta da jiki. Mu mutanen Maraɗi mun saba da zafi mai bushewa, wanda gumi ke fita ya bushe nan take. A bakin teku gumi ba ya bushewa, riga tana manne maka tun kafin ku gama wasa uku, mariƙin raket yana zamewa a hannu, gashin ƙwallo kuma yana shan laima ya kumbura har ta yi nauyi ta daina tashi yadda ka saba. Na taɓa buɗe sabon gwangwani da safe, kafin awa ta cika ƙwallayen sun koma kamar jiƙaƙƙun 'yan tsaki. Mai hawan jini ya kamata ya sake komawa wurin likitansa ya gaya masa inda za shi, ya tafi da ruwa mai yawa da tawul biyu da abin naɗe mariƙi na sauyi. Da yamma kuma iskar teku tana karkatar da ƙwallo, sauro yana fitowa da magariba, don haka safiyar da ka zaɓa ita ce daidai. Idan ta Gaya za ka bi, ka naɗe jakar raket a leda kafin ku shiga kwalekwale.

Lawali Zariya: Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malam Isufu. To batun gwiwata fa? Idan jar ƙasa ba za ta samu ba, in haƙura da siminti ne ko in ajiye raket sai na dawo?

Ɗan Gulbi: Ka tafi da raket ɗin, ko ba ka buga ba ka sa a sake maka zare. Tun da za ka, ga nawa guda biyu, ka haɗa da su, domin a nan babu wanda na sani mai injin ɗaure zare, sai an aika Yamai ko Kano.

Malam Isufu Ali Ɗan Sofo: Kada ka karɓi raket ɗin kowa, Malam Lawali. Nawa na ba wani daga cikinmu da zai tafi Yamai tun kafin azumi, tare da jika 10 na zare, kuma har yanzu ban ga raket ba, ban ga kuɗi ba. Yana karanta wannan magana.

Sanusi Bagalam: Idan da ni kake, Malam, ka fito fili ka faɗa. Raket ɗinka yana wurin mai gyara, shi ne ya ce zaren da kake so ya ƙare.

Alhaji Mamman Mokoyo: Tun da an zo nan, sai a gaya mana inda aka kwana a kan kuɗin da muka tara don sayen sabuwar raga da toshe tsagar simintin filinmu. Ni na ba da nawa tun bara, kuma har jiya da igiyar shanya muka ɗaure tsakiyar ragar.

Sanusi Bagalam: Kuɗin suna nan, Alhaji, mutum huɗu ne ba su biya ba, kuma ɗaya daga cikinsu taubashinka ne.

Ɗan Gulbi: Ni na ce sai an nuna mini lissafin na farko tukuna. Ga mai lissafi nan ma zai tafi Kwatano, sai ku ba shi littafin ya duba kafin ya tashi.

Lawali Zariya: Zan duba idan an kawo mini. Hajiya, don Allah ki tambayar mini mai horar da ɗanki ko yana fitowa ƙarfe shida da rabi a ranakun aiki, kuma ko filin nasu siminti ne zalla ko an shimfiɗa masa roba a sama.